Daidaita zafi a tanderun sarrafa faya-fayan silisiyom, da abin da ya shafe mu a jihar Maraɗi

Tsakure

Wannan ƙasida tana bayanin yadda ake sarrafa zafi a cikin tanderun da ake gasa faya-fayan silisiyom, waɗanda daga gare su ake samun ƙwaƙwalwar wayar salula da farantan lantarki na hasken rana. Za mu nuna cewa kowane sashe na tanderun yana da nasa zafin da ya kamace shi: faifai na neman daidaito har zuwa rabin digiri, zoben roba na neman sanyi, bututun fitar da iska kuwa na neman ɗumi. Daga ƙarshe za mu dubi abin da wannan ilimi zai amfane mu da shi a gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji.

0. Gabatarwa

Babu masana'antar silisiyom a jihar Maraɗi, amma kayan da ke fitowa daga irin waɗannan masana'antu sun cika garuruwanmu. Farantan rana da ke tura famfon ruwa a ƙauye, firjin ajiye allurar rigakafi a gidan likita, wayar da ɗan kasuwa ke tambayar farashin gyaɗa da ita, duk a jikinsu akwai silisiyom da ya ratsa tanderu mai zafin digiri 800 zuwa 1100. Ingancin kayan da tsawon ransu sun dogara da yadda aka riƙe wannan zafi.

Sha'anin ba baƙo ba ne ga tarihin kimiyya a ƙasarmu. Furofesa Abdou Moumouni Dioffo, wanda aka haifa a Tasawa a 1929, ya rasu a 1991, ya shugabanci hukumar ONERSOL ta Yamai daga 1969, kuma yawancin aikinsa a kan tara zafin rana da auna shi ya tsaya. Saboda haka muna ganin ya dace malamai da ɗaliban kimiyya su sami wannan bayani da harshen Hausa.

Za mu riƙa kwatanta tanderun masana'anta da matoya, wato wurin da magina ke toya tukwane da tuluna, domin dokokin zafi ɗaya ne a wuraren biyu. Duk digirin da za mu ambata na ma'aunin Selsiyus ne, sai inda muka ce kelbin.

1. Faifai da tanderu

1.1. Faifai

Silisiyom yana cikin ma'adinan da muke kira tsaka-tsaki, wato waɗanda ba su barin lantarki ya ratsa su kamar jan ƙarfe, ba su kuma tare shi sarai kamar gilashi. Ana tace shi daga dutsen kuwarz, a narkar da shi a digiri 1414, a jawo shi sannu a hankali ya zama gungume guda wanda ƙwayoyin zarrarsa ke jere sahu-sahu ba tare da karkata ba. Dabarar jawowar ta samo asali daga Jan Czochralski, ɗan ƙasar Polan, a 1916. Ana yanka gungumen sala-sala. Kowace sala ita ce muke kira faifai, saboda kamarta da faifan rufe ƙwarya. Faifai mai faɗin milimita 200 kaurinsa mikron 725 ne, mai faɗin milimita 300 kuwa mikron 775 (mikron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita).

1.2. Ayyukan tanderu

Ayyuka huɗu ake yi wa faifai a cikin tanderu:

(a) Fatar oksid. Idan aka hura iskar oksijin ko tururin ruwa a kan faifai a digiri 800 zuwa 1200, fuskarsa takan yi wata siririyar fata mai tare lantarki. Carl Frosch da Lincoln Derick suka gano amfaninta a ɗakunan binciken Bell na Amurka a 1955, sa'an nan Bruce Deal da Andrew Grove suka tsara lissafin girmanta a 1965.

(b) Naso. Ana sirka silisiyom da ƴan ƙwayoyin fosfor ko boron domin a canza yadda lantarki ke ratsa shi. Zafi ne ke sa ƙwayoyin su shiga ciki, kamar yadda mai ke naso a jikin tufa. Da wannan dabara Chapin, Fuller da Pearson suka ƙera farantin rana na silisiyom a 1954, wanda ke mayar da kimanin kashi 6 cikin ɗari na hasken da ya sauka kansa lantarki.

(c) Shafe. Ana zuƙe iskar tanderu, a shigar da wasu iskoki da za su haɗu a kan faifai su bar masa shafe. Shafen nitirid na silisiyom, alal misali, ana yin sa a digiri 700 zuwa 800.

(d) Warkarwa. Bayan an harba ƙwayoyin sirki cikin faifai da ƙarfin lantarki, jerin ƙwayoyinsa kan ɓaci, sai a gasa shi domin sahu ya koma daidai.

1.3. Ginin tanderu

Zuciyar tanderu wani dogon bututu ne na gilashin kuwarz. A kewayensa akwai naɗin waya mai kauri, galibi ta gaurayen ƙarfe da kurom da alminiyom irin wadda kamfanin Kanthal na Suwidin ke yi tun 1931. Ita ce ke ja idan lantarki ya bi ta. Bayan wayar akwai rufin tsare zafi, bayansa kuma gangar ƙarfe da ruwan sanyi ke zagayawa a jikinta. Faya-fayan, ɗari zuwa ɗari da hamsin, ana jera su a kan wani marataya na kuwarz da ma'aikata ke kira jirgi, kowane a tsagarsa.

Tanderun farko a kwance suke. Daga ƙarshen shekarun 1980 masu ƙera ƙwaƙwalwar na'ura suka koma ga na tsaye, inda ake ɗaga jirgi daga ƙasa. Masu ƙera farantan rana kuwa har yanzu na kwance suka fi amfani da su. Cikin kamfanonin da suka shahara wajen ƙera tanderun akwai Tokyo Electron da Kokusai Electric a Japan, ASM International a Holan, da centrotherm a Jamus.

2. Dalilin tsanantawa: darajar digiri ɗaya

Maginiya takan jera tukwanenta a matoya, ta rufe su da kara da kashin shanu da ƙaiƙayi, ta kāre su da tsingaro, ta cinna wuta. Zafin irin wannan toyi yakan kai tsakanin digiri 600 da 900. Awon da Olivier Gosselain ya yi a matoyan ƙasar Kamaru, wanda ya wallafa a 1992, ya nuna cewa a cikin toyi guda ana samun bambancin ɗaruruwan digiri daga wannan gefe zuwa wancan. Duk da haka yawancin tukwane sukan fito da kyau. Dalili kuwa shi ne abin da ake nema daga yumɓu ƙofa ce da za a ƙetare: da zarar ya wuce digiri 450 zuwa 600, ruwan da ke ɗaure cikin ƙwayoyinsa ya fita, ba zai sake komawa laka ba. Wanda ya wuce ƙofar da digiri hamsin da wanda ya wuce ta da ɗari biyu duk tukunya ne.

Ga faifai, abin da ake nema adadi ne: kaurin fata kaza, zurfin naso kaza. Saurin waɗannan ayyuka yana bin dokar da Svante Arrhenius ya bayyana a 1889:

D = D₀ · exp(−E/kT)

D shi ne saurin naso, E ƙarfin da ƙwaya ke bukata kafin ta yi tsalle daga gurbi zuwa gurbi, k adadin Boltzmann (8,617 × 10⁻⁵ eV a kowane kelbin), T kuma zafi a kelbin. Daga nan za a iya fitar da cewa ƙarin digiri ɗaya yana ƙara D da kashi E/kT².

Bari mu ɗauki misali. Ga boron da fosfor, E ya kai wajen eV 3,5. A digiri 1000, wato kelbin 1273, kT² ya kama 139,6. Idan muka raba 3,5 da 139,6 za mu sami 0,025. Ke nan kowane digiri ɗaya yana ƙara saurin naso da kashi 2,5 cikin ɗari. Digiri goma yana ƙara shi da kimanin kashi 28. Da yake zurfin naso yana bin tushen murabba'i na D sau lokaci, digiri goman nan zai ƙara zurfin da kashi 13 cikin ɗari. Ga siririyar fatar oksid, inda E yake wajen eV 2, digiri ɗaya yana kawo bambancin kashi 1,4. Wannan ne ya sa ake tsare tsakiyar tanderu a cikin rabin digiri zuwa digiri ɗaya, tun daga faifan farko har na ƙarshe.

3. Auna zafi da riƙe shi

3.1. Tagwayen waya

Maƙeri yana gane zafin ƙarfe da ido: ja mai duhu, ja jawur, ruwan lemo, fari. Ido ba ya rarrabe digiri goma, balle rabi. Ma'aunin da ake amfani da shi a tanderu shi ne tagwayen waya: wayoyi biyu na ƙarafa daban-daban da aka like bakinsu. Thomas Seebeck ya gano a 1821 cewa idan mahaɗar ta fi sauran bakin biyu zafi, ɗan ƙarfin lantarki yakan bayyana. Henry Le Chatelier, Bafaranshe, shi ya gyara tagwayen filatin da rodiyom a wajajen 1886, kuma abin lura a nan shi ne yumɓu na cikin abubuwan da ya fara nazari da su a 1887.

Tagwayen filatin, nau'in S, suna ba da kimanin mikrobolt 11,5 a kan kowane digiri idan ana wajen digiri 1000. Rabin digiri ke nan bai kai mikrobolt 6 ba. Ƙazanta kaɗan a jikin wayar, ko tsufa, ta isa ta karkatar da awon. Don haka ake gwada su da ma'auni na asali lokaci-lokaci. Bugu da ƙari, tagwayen waya bambanci suke aunawa tsakanin baki mai zafi da baki mai sanyi, saboda haka wajibi ne a san zafin bakin sanyin da wani ma'auni dabam.

3.2. Ina ake sa ma'auni?

Ba a iya manna ma'auni a jikin faifan da ake sarrafawa, domin zai ɓata shi. Ana sa ma'aunai iri biyu. Na farko suna huda rufin tsare zafi su tsaya dab da naɗin waya. Suna jin canji nan da nan, amma zafin waya suke faɗa. Na biyu suna cikin wani siririn kube na kuwarz a cikin bututun, kusa da jirgi. Sun fi kusa da gaskiyar zafin faifai, amma jinsu na da nawa. Na'urar daidaitawa tana haɗa su: ma'aunin ciki ne ke faɗin inda ake son zuwa, na waje kuma shi ake bi wajen ƙara lantarki ko rage shi.

Lissafin da na'urar ke yi ya tsaya a kan abubuwa uku: girman kuskure a yanzu, taruwar kuskuren da ya gabata, da saurin da yake canzawa. Ziegler da Nichols sun tsara hanyar saita waɗannan uku a 1942. Amfanin na ukun shi ne hana zarcewa. Tanderu abu ne mai nauyi, ko an yanke lantarki zafin da ke jikin waya da rufi yakan ci gaba da kwarara ciki na wasu mintoci, kamar tukunyar ƙasa da ke ci gaba da tafasa bayan an sauke ta.

3.3. Shiyyoyi

Bakunan bututu sun fi tsakiya zubar da zafi. Don haka ake raba naɗin waya shiyya-shiyya, uku a tsofaffin tanderu, huɗu ko biyar ko fiye a na zamani, kowace da ma'auninta da lantarkinta. Shiyyoyin baki sukan ci wuta fiye da na tsakiya. Ana kuma sa faya-fayan banza a farkon jirgi da ƙarshensa, aikinsu shi ne aikin tsingaro a matoya. A tanderun tsaye jirgi na zaune a kan turken da aka cika da farantan kuwarz masu tare huci, kuma yana juyawa a hankali.

Akwai inda ake karkatar da zafi da gangan. A wajen shafen nitirid, iska takan shiga ta baki ɗaya, faya-fayan farko su cinye wani kaso nata, na ƙarshe su sami saura. Sai a ɗaga zafin shiyyar ƙarshe da ƴan digirori domin shafen ya zo kauri ɗaya. Ashe abin da ake nema shi ne daidaiton sakamako, daidaiton zafi hanya ce kawai zuwa gare shi.

4. Faifan kansa: baki da tsakiya

A irin wannan zafi, huci ne ke ɗaukar mafi yawan zafi daga waya zuwa faifai, wato haske, wanda ake gani da wanda ba a gani. Dokar Stefan da Boltzmann ta ce hucin da baƙin jiki ke fitarwa yana bin T sau huɗu a kan kansa. A digiri 300, murabba'in mita ɗaya yana fitar da kimanin kilowat 6. A digiri 1000 kuwa kilowat 149. Domin kwatanci, ranar tsaka ta watan Afrilu tana sauke wajen kilowat ɗaya a kan murabba'in mita.

Faya-fayan da ke jirgi suna fuskantar juna, tsakaninsu ƴan milimitoci. Bakin faifai ne kaɗai ke ganin bangon bututu, tsakiyarsa maƙwabcinsa take gani. Saboda haka lokacin ɗaga zafi baki ke riga tsakiya, lokacin saukewa kuma baki ke fara hucewa. Sashen da ya fi zafi yana son buɗewa, wanda bai kai shi ba yana riƙe shi. A zafin ɗaki silisiyom tsinkewa yake yi kamar gilashi, amma sama da digiri 700 ko 800 yakan yi laushi, sai sahun ƙwayoyinsa ya goce a kan na kusa da shi. Wannan gocewa ba ta gyaruwa, kuma duk da'irar da ta faɗa kan layinta takan yi yoyon lantarki.

Maginiya ta san ɗan'uwan wannan ciwo. Tukunyar da ba ta bushe ba takan fashe da zarar ruwan cikinta ya zama tururi a digiri 100. A digiri 573 kuma yashin kuwarz da ke cikin yumɓu yakan kumbura farat ɗaya, sai tukunya ta tsage idan gefe ɗaya ya riga ɗaya isa wurin. Maganin ɗaya ne a wuraren biyu, wato haƙuri. Ana shigar da jirgi sannu a hankali alhali tanderu na wajen digiri 600 zuwa 800, a ɗaga zafi da kimanin digiri goma a minti, a rage saurin zuwa biyu ko uku idan an doshi dubu, a kuma sauke shi da irin wannan nawa. Gwargwadon faɗin faifai, gwargwadon haƙurin da yake bukata.

Sai dai daɗewa cikin zafi ma yana da farashi, domin naso ba ya tsayawa muddin faifai na da zafi. Da da'irori suka ƙanƙance, sai aka ƙirƙiro wata hanya: faifai ɗaya tak a ƙarƙashin fitilun tangistan masu ɗaga zafinsa da gomman digiri ko fiye da ɗari a daƙiƙa guda. A nan ana auna zafi ta hucin da faifan ke fitarwa, kuma kowane rukunin fitilu da nasa saiti, saboda matsalar baki da tsakiya ba ta gushe ba.

5. Sauran sassa: kowane da nasa zafi

5.1. Wuyan ƙarfe da zoben roba

Bututun kuwarz yana zaune a kan wani wuyan ƙarfe, ta nan iskoki ke shiga su fita. Tsakanin gilashi da ƙarfe akwai zoben roba mai hana iskar waje shiga. Robar da aka fi sani, irin ta Viton, tana jure wajen digiri 200. Ta Kalrez, mai tsada, takan kai kimanin 300. Tazarar da ke tsakanin wannan zobe da faifai mai digiri 780 ba ta wuce kamu biyu ko uku ba. Idan zoben ya ƙone, iska ta shiga, jirgi guda ya lalace. Don haka ake zagaya ruwan sanyi a cikin wuyan.

Amma sanyin ma yana da iyaka. Shafen nitirid ana yin sa da iskar dikulorosilan da amoniya, kuma haɗuwarsu tana haifar da gishirin amoniyom, wanda Larabawa ke kira nushadir. Muddin wuri ya kai wajen digiri 150, gishirin yana nan a matsayin iska, famfo ya zuƙe shi. Duk inda ya tarar da sanyi sai ya daskare ya zama farin gari. Garin nan yakan tashi idan an buɗe ƙofa, ya sauka kan faya-fayai, kuma ƙwaya ɗaya ta isa ta kashe da'ira. Ga shi kuma yana cin ƙarfe idan ya sha laima.

Ke nan wuyan ƙarfe yana tsakanin iyaka biyu: kada ya sauka ƙasa da 150 saboda gishiri, kada ya haura 200 saboda roba. Tagar digiri hamsin ce, kuma dole a tsare ta ko tanderu na hutawa ko yana kan ganiyar aiki. Idan ruwan sanyi na gudu da ƙarfi ɗaya kullum, wuyan zai yi sanyi fiye da kima lokacin hutu. Shi ya sa masu ƙira ke ba wuyan da ƙofar nasu ma'aunin da nasu abin ɗumamawa, su kuma riƙa rage ruwan ko ƙara shi bisa ga awo.

5.2. Bututun fitar da iska

Daga wuya zuwa famfo ana naɗe bututu da bargon lantarki domin ya zauna a digiri 150 ko sama. Lanƙwasa ɗaya ko makunni ɗaya da aka bari tsirara, nan gishiri zai taru har ya toshe hanya. Kafin famfo sai a sa tarko mai sanyi da gangan, gishirin ya daskare a wurin da aka zaɓa masa, inda za a iya cirewa a wanke.

5.3. Gilashin kuwarz

An zaɓi kuwarz saboda tsabtarsa da ƙarancin buɗewarsa. Mita ɗaya nasa, idan aka ɗaga zafinsa da digiri 1000, milimita 0,55 kawai yake ƙaruwa. Mita ɗaya na ƙarfe mara tsatsa yana ƙaruwa da milimita 3,4 a digiri 200 kacal. Wannan bambanci ne ya hana a ɗaure su kai tsaye. Sama da digiri 1100 kuwa kuwarz yakan fara lotsawa da daɗewa, kuma gishirin gumin yatsa ɗaya yakan sa wurin ya yi fari ya yi rauni. A aikin da ya wuce haka ana komawa ga bututun karbid na silisiyom.

Shafen da ake yi wa faifai yana kama bangon bututu shi ma, ya yi ta taruwa. Buɗewarsa ba ɗaya ba ce da ta kuwarz, don haka idan bututu ya huce sarai shafen yakan ɓamɓare ya zama ƙura. Saboda wannan ba a kashe tanderu dare da rana. Lokacin da sanyin watan Fabrairun 2021 ya sa aka yanke lantarki a Ostin ta jihar Tekzas, masana'antar Samsung da ke can ta yi fiye da wata guda kafin ta koma aiki sosai.

6. Abin da ya shafe mu

6.1. Farantan rana

Ƙwayar farantin rana faifai ce da ta ratsa tanderu fiye da sau ɗaya. Ana yi mata nason fosfor a digiri 800 zuwa 900, zurfin da bai kai mikron ɗaya ba. Daga baya a zana mata layukan azurfa, a ratsa da ita ta tanderu mai bel inda zafi ke kaiwa wajen 800 na ƴan daƙiƙoƙi. Idan zafin ya gaza, azurfa ba ta kama ba. Idan ya zarce, ta huda nason. Ƙwayoyin faranti a jere suke kamar carbi, mai rauni ɗaya ita ke ƙayyade abin da sauran za su bayar, kuma takan yi zafi fiye da ƴan'uwanta har ta ƙone. A bisa rahoton Hukumar Makamashi ta Duniya na 2022, ƙasar Sin ce ke da fiye da kashi 80 cikin ɗari na kowane mataki na ƙera farantan, masu kyau da marasa kyau duk daga can suke isowa kasuwanninmu. Ido ba ya rarrabe su, sai awo.

Kula da zafi ba ta ƙarewa a masana'anta. Ƙarfin da aka rubuta a bayan faranti an auna shi ne a digiri 25, kuma yana raguwa da kimanin kashi 0,4 cikin ɗari a kan kowane digiri da ya ƙaru. Da bazara, sa'ad da iskar Agye ko Gidan Rumji ta haura 40, faranti yakan kai 65 zuwa 70. Asarar ta kama kashi 16 zuwa 18. Wanda ya manna faranti a jikin kwanon rufi ba tare da barin hanyar iska ba ya ƙara asarar, kuma wanda ya lissafa famfon ƙauye bisa rubutun bayan faranti zai bar mutane da ƙarancin ruwa a watan da suka fi bukatarsa.

6.2. Lantarki

Layin kilobolt 132 da ya taso daga Katsina ta Gazawa yake shigowa, daga nan ya rabu zuwa Maraɗi da Damagaram. A watan Agustan 2023 Nijeriya ta yanke lantarkin da take ba Nijar, ba a maido ba sai a watan Maris na 2024. Bisa ga abin da muka bayyana a 5.3, duk wani shiri na kafa tanderun bincike a jiharmu sai ya fara da tabbatacciyar wuta da ruwan sanyaya da ba ya yankewa, kafin a yi maganar sayen na'ura.

6.3. Koyarwa

Abin da ke hannunmu yanzu shi ne awo. Tagwayen waya nau'in K ba su da tsada, suna jure har wajen digiri 1200, suna ba da kimanin mikrobolt 41 a kan kowane digiri. Da guda shida ko takwas, ɗalibin Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi zai iya zana taswirar zafin matoya, ko tanderun burodi, ko murhun masu narkar da alminiyom su zuba tukwane. Zai ci karo da duk tambayoyin da muka tattauna: ina zan sa ma'auni, zafin me yake faɗa mini, mene ne nawarsa, wane gefe ke zubar da zafi? Zai kuma koyi darasin bakin sanyi a aikace, domin a inuwa mai digiri 40 awon da ba a gyara ba zai gaza gaskiya da wajen digiri 40. Riba ta biyu ta masu sana'a ce: taswirar za ta nuna inda kara da itace ke ƙonewa a banza, a yankin da karan gero ya zama abincin dabba da kayan sayarwa.

7. Kammalawa

Mun ga cewa a cikin tanderu guda akwai faifai a digiri 780 da aka tsare cikin rabin digiri, da wuyan ƙarfe tsakanin 150 da 200, da bututu mai ɗumi, da tarko mai sanyi, da ganga da hannu zai iya taɓawa. Kowane sashe yana da iyakar sama da ta ƙasa, kuma kowace iyaka tana da dalilinta a kimiyya: dokar Arrhenius, gocewar ƙwayoyi, ƙonewar roba, daskarewar gishiri. Muna ba da shawara a sa auna zafin matoya da na farantan rana cikin ayyukan gwaji na ɗaliban digiri na biyu. Kalmomin da muka yi amfani da su, kamar faifai, naso, shafe, huci da tagwayen waya, mun gabatar da su ne domin abokan aiki na sashen harsuna da na kimiyya su duba, su gyara inda ya kamata.